Na Kai Saƙon Baba Garin Strzelin

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na shiga lifta a unguwarmu ta Wangsa Maju a Kuala Lumpur, tambaya. In muka zauna a shagon abinci na mamak muna jiran burodin roti, tambaya. Maman Ilham, maƙwabciyata da muke hawa ɗaya, har saƙon murya ta aiko mini: "Sa'adatu, wai Poland ɗin nan how far? Ki ba mu labari lah, kin dawo kin yi gum kamar kasuwar Chow Kit kika je." Na gaji da ba da shi guntu-guntu, wannan ta ji na jirgin ƙasa, waccan ta ji na abinci, ba wadda ta ji ainihin abin da ya kai ni. Shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko.

Abin da kowa ya sani, taron masu bincike kan tsaftace ruwan sha ne a birnin Wrocław, malamata mai duba aikina ta matsa sai na je na gabatar da takarda. Haka ne. Amma akwai saƙon Baba a ƙarƙashinsa, kuma shi ya fi nauyi a zuciyata.

Baba tela ne a Funtua. Tun yana saurayi, kafin ya auri Innarmu, wata babbar mota ta buge shi a kan kekensa, ƙafar dama ta dagargaje. Ciwon ya ƙi warkewa, har 'yan uwa suka haƙura suka ce a yanke. Likitan da ke asibitin a lokacin Bature ne ɗan Poland, cikin waɗanda aka ɗauko aiki a waɗancan shekarun, ana ce masa Dokta Marek. Shi ya ce a ba shi lokaci. Wata da watanni yana wanke ciwon da hannunsa har ƙashi ya haɗu. Matarsa kuma takan kawo miya a kwano ta raba wa waɗanda suka daɗe a kwance. Da wannan ƙafar Baba ya taka keken ɗinki har ya yi mana makaranta dukanmu. Mun tashi muna jin labarin nan kamar tatsuniya.

Ranar da na gaya masa za ni Poland, bai ko tambayi taron ba.

"To, Alhamdulillahi. Ki nemo mini su Likita."

"Baba, Poland fa ƙasa ce, ba unguwa ba."

"Ke da kike karatun dokta? In ba ki nemo ba, wa zai nemo?"

Da kansa ya je wurin wani tsohon ma'aikacin jinya da ya yi aiki da likitan, ya samo cikakken sunansa. Ni da maigidana, Abban Walid, muka yi ta laluben intanet har muka ci karo da sunan a shafin wani ƙaramin gari, Strzelin, kudu da Wrocław kaɗan. Sanarwar rasuwa ce, kuma ta daɗe. Duk da haka na rubuta 'yan layuka a shafin, na faɗi ko ni wace ce. Washegari wata mata mai suna Kasia ta amsa. Ta ce ita 'yarsa ce, ta yi ƙuruciyarta a Funtua, kuma mahaifiyarta na nan da rai. Ta ce in na sauka a otal a garinsu ba za su yafe mini ba.

Na kira Baba na gaya masa. Ya ce, "Allah ya ba iyalinsa haƙuri. To matar za ki kai wa." Ya ɗinka mata doguwar riga ta shadda ruwan bula, da aiki a wuya, ya ba wani ɗalibi da ke dawowa Malaysia ya kawo mini. Na tambaye shi inda ya samo awonta. Ya ce, "Doguwa ce, ta fi Innarku tsawo sosai. Idona bai manta ba."

Abban Walid da yara suka raka ni filin jirgi. Nana, autata, ta riƙe mini hijabi tana cewa, "Mummy, tapau snow for me." Wai in ƙunso mata ƙanƙara. Na bi ta Doha, na sauka Warsaw da hantsi. Jami'in shige da fice ya daɗe yana jujjuya fasfona: koren fasfo, bizar karatu ta Malaysia, takardar gayyatar taro. Da ya ga adireshin Strzelin sai ya ɗago kai.

"Me za ki yi a can? Ba wanda ke zuwa can yawon buɗe ido."

Na ce masa gaisuwar mahaifina zan kai wa wata tsohuwa. Ya dube ni kamar zai ƙara tambaya, sai kawai ya buga hatimi. A wurin duba kaya ne na yi asara. Maman Ilham ta yi mini dambun nama cike da roba, don kowa ya tsoratar da ni cewa komai na ƙasar da naman alade ake yi. Ashe doka ta hana shiga da nama. Jami'ar ta buɗe robar, ƙamshi ya bugi hancinta, ta ce wallahi ita ma ba ta so ba, amma ba yadda za ta yi. Ina ji ina gani aka tafi da shi. Yajina dai ya tsira.

Da na fito waje sanyi ya mare ni. Ƙarshen Oktoba ne, ba ƙanƙara, amma ga wadda ta yi shekara da shekaru tana zufa a Kuala Lumpur, iskar kamar reza. Rigar sanyin da na sayo a gwanjo ta yi abin da za ta iya. Abin da ya fara ba ni mamaki a jirgin ƙasa zuwa Wrocław shi ne shiru. Mutane cike, amma ba ka jin muryar kowa. Wanda ya shigo ɗakin zai ce "jin dobri", gaisuwarsu ke nan, a amsa masa a taƙaice, shi ke nan har a sauka. Na tuna motar Funtua zuwa Kano, inda kafin a kai Malumfashi ka san sunan surukar wanda ke kusa da kai. Da farko na ɗauka ƙyamata ake yi. Sai da na lura ko junansu ba sa yi wa magana, sannan hankalina ya kwanta.

Taron ya yi kyau, ba zan cika ku da shi ba. Da aka tashi na ja akwatina na hau ƙaramin jirgi zuwa Strzelin. Sunan ma sai da mai sayar da tikiti ta sa na maimaita har ta gaji ta miƙo mini biro. Su "Scelin" suke cewa, ko wani abu kusa da haka.

A nan na tafka shirme. Jirgi ya tsaya, ga sunan garin ɓaro-ɓaro a allo, na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta buɗe kamar ta jirgin LRT na Kuala Lumpur. Ba ta buɗe ba. Ashe akwai maɓallin da ake dannawa, kuma ni kaɗai ce a wannan ƙofar. Ina tsaye jirgi ya ja. Ta taga na hango wata mata mai jan gyale tana waige-waige a dandamali, na san Kasia ce.

Na sauka a tasha ta gaba, wadda ba komai a cikinta sai benci da rumfa, gonaki hagu da dama. Layin wayata na Malaysia ya ƙi aiki. Na tsaya da akwati, hanci na zuba, ina ta Hasbunallahu. Can gefe wata mata mai jiki tana loda tukwanen furanni a bayan wata tsohuwar mota. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Na nuna mata lambar Kasia, ta kira da wayarta, suka yi magana, ta fashe da dariya har tana dafa mota. Ta kwashe tukwanen da ke kujerar gaba, ta nuna mini in shiga, ta ɗora mini ɗaya a cinya. Duk hanya tana yi mini hira da yarensu, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa "to".

Furannin manya ne, farare da ruwan ɗorawa, gwanin kyau. Na ce a raina bai kamata in shiga gidan tsohuwa da shirme kaɗai ba. Da muka isa na nuna mata ina son in sayi tukunya ɗaya. Ta girgiza kai tana "nye, nye". Na nace. Ta ɗaga kafaɗa ta miƙo mini.

Kasia ta rungume ni a ƙofar gida, sannan ta ga abin da ke hannuna, ta toshe baki.

"Wa za ki ba?"

"Mama."

"Sa'adatu, wannan furen kabari ne. Matattu ake kai wa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai na ji wata siririyar murya daga cikin zaure, da Hausa, Hausar da ta daɗe a ajiye:

"Sannu da zuwa. Ina gajiya? Kawo, kawo. Ba komai. Za mu kai wa Marek."

Pani Halina ke nan. Su "Pani" suke sa wa mace don girmamawa, amma ni Mama na kira ta daga ranar har na tafi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura tamanin, ta ranƙwafa, kanta fari fat. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda zan gaida kakata. Ta kama fuskata da hannu biyu masu sanyi tana cewa, "Funtua, Funtua." Kasia ta ce ita ma maƙwabtansu a can Hasiya suke kiranta, in ina so in kira ta haka.

A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar gidajen Malay, sai dai su suna ba baƙo silifas na ulu. Ɗakin sama suka ba ni, bargon gashin tsuntsu ya fi katifata kauri. Da na shiga banɗaki sai na ga 'yar butar ban-ruwan fure cike da ruwan ɗumi a gefe. Duk kwanakin da na yi a otal da gorar ruwa nake fama. Na fito ina duban Mama, ta ɗaga yatsa ta ce, "Buta. Na sani." Kasia ta ƙara da cewa tun da aka ce ina zuwa Mama ta sa aka sayo sabuwar tukunya da sabon kasko, ta kuma hana a shigo da naman alade gidan har in tafi. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba.

Abincin farko miyar wani jan tushe ce mai tsami-tsami, launinta kamar zoɓo, sai wani abu da suke kira piyerogi, ƙullin fulawa ne da aka cusa wa dankali da cuku aka dafa a ruwa. Yana da daɗi, amma ba yaji ko na rantsuwa. Na yi ta kunyar fito da nawa. Mama ce ta cece ni.

"Akwai barkono?"

Na haura da gudu na ɗauko. Ta barbaɗa fiye da nawa, ta ci, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, Kasia na yi mata faɗa da yarensu, ita kuwa sai ƙari take.

Bayan cin abinci na fito da rigar. Ta shafa aikin wuyan ta daɗe, sannan ta zura ta a kan rigar sanyinta. Rigar ta sauka har ƙasa ta yi saura kamar ta amarya, hannuwan suka haɗiye yatsunta. Matar da Baba ya auna da idonsa ta tafi da tsawonta tun tuni. Muka yi dariya mu uku har Mama ta zauna. Na karɓi allura da zare na kalmashe mata ƙasan a nan inda take, ai ba a banza na tashi a shagon tela ba.

Sai na kira Baba ta bidiyo. Yana shago, ya sa hularsa ta Juma'a. Da ya gan ta cikin rigar sai ya miƙe tsaye.

"Ranki ya daɗe, matar Likita! Ni ne Sani tela, mai ƙafa. Gadon da ke jikin taga. Kin tuna?"

Ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo gare ni, ta yi magana da Turanci a hankali. Ta ce in yi haƙuri in gaya masa gaskiya, ba ta tuna shi ba. Masu ƙafa suna da yawa, masu gado jikin taga suna da yawa, kuma shekaru sun cinye mata fuskoki.

Duk wannan tafiyar, duk shekarun da ya yi yana ambatonsu. Na yi niyyar in gyara maganar kafin in fassara, sai na kasa, na faɗa masa yadda take. Baba ya yi dariya.

"To ai ba ita aka yi wa ba, ni aka yi wa. Ba sai ta tuna ba. Ki ce mata na gode, ni da 'ya'yana da jikokina."

Na faɗa mata. Ta ce da Hausa, "Madalla," tana share ido da hannun rigar.

Washegari Kasia ta zaga da ni gari. Ba shi da girma, da ƙafa muka gama shi. Akwai dandali a tsakiya da doguwar hasumiya, wadda ta ce yaƙi ya rusa, ta daɗe a kango kafin a sake gina ta. Akwai wani ƙaramin coci mai da'ira na tun zamanin da, da kogi wanda a wurinmu rafi za a ce masa. Abin alfaharinsu shi ne ramin fasa dutse da ke gefen gari, zurfinsa har jiri ya ɗebe ni. Ta ce da wuya ka sami gidan da ba wanda ya taɓa aiki a ramin ko a masana'antar sukari. Mutane suna kallona, ba shakka, mace baƙa da hijabi ba abin da suke gani kullum ba ne. Amma duk wanda Kasia ta ce wa baƙuwar matar Likita ce daga Afirka, sai fuska ta sake. Wani tsoho a gidan burodi ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon ɗinki, ya ce aikin Dokta Marek ne. Na ce masa ashe mu 'yan uwa ne.

A jikin wani tsohon gini na ga ragowar rubutu da bai yi kama da nasu ba. Kasia ta ce Jamusanci ne, in tambayi Mama.

Da la'asar, muna shan shayi da lemon tsami a jikin wani murhun tangaran mai tsawon mutum, Mama ta ba ni labarin, Kasia na cike mata inda Turanci ya ƙare. Ta ce garin nan na Jamusawa ne a da, har sunansa daban. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu manya suka zauna suka matsar da iyakoki. Ƙauyen su Mama, can gabas, ya faɗa hannun Rasha, yanzu yana cikin Yukren. Aka loda su a taragon dabbobi, da saniyarsu da tukwanensu, tana 'yar ƙarama a cinyar uwarta, aka yi ta tafiya da su har aka sauke su a nan aka ce ga gidanku. Suka shiga suka tarar da masu gidan a ciki, wata Bajamushiya da 'ya'yanta. Watanni suka yi suna girki a murhu ɗaya, ba mai jin yaren wani, kowa na tsoron kowa. Sannan aka zo aka loda waɗancan su ma, aka yi yamma da su.

"Duk garin nan baƙi ne," in ji ta. "Ba wanda kakansa ke kwance a nan."

Ta ce uwarta ta yi shekaru ba ta kwance ƙullin kayanta ba. Rufi na yoyo ba a gyara, ba a dasa itace, kullum ana cewa baɗi za a koma gida. Sai na tuna falona a Wangsa Maju, da kujerun roba da muka ƙi canzawa tun Walid na goye, wai ai mun kusa komawa.

Bayan shekaru masu yawa, in ji ta, wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce da jaka a hannu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Bajamushiyar nan ce. Maƙwabta suka ce kada a buɗe, gidan suka zo karɓa. Mama ta buɗe. Matar ba ta nemi komai ba sai a bar ta ta ga ɗakin da aka haife ta. Ɗakin da nake kwana ne.

"Me ya sa kika buɗe?" na tambaye ta.

"Ni ma ina da ƙofar da nake so a buɗe mini."

Ranar ɗaya ga Nuwamba ita ce ranar da duk ƙasar ke ziyarar kaburbura. Ban taɓa ganin irinta ba. Kantuna a rufe, 'ya'yan da ke birane duk sun dawo, hanyar maƙabarta ta cika kamar ranar idi, kowa da tukunyar fure da fitilar kyandir a cikin gilashi. A gida mace ba ta zuwa maƙabarta, kabarinmu kuma tudun ƙasa ne, in damina ta yi biyu sai mai gadi ya nuna maka. Malay na ga suna zuwa da safiyar Sallah su share su yi addu'a. Amma nan kaburburan dutse ne, ana wanke su da soso kamar tsakar ɗaki, har da 'yan bencina a gefe. Na gaya wa Kasia zan raka su amma ba zan kunna fitila ba. Ta ce Mama ta riga ta faɗa mata haka.

Na ɗauki tukunyata ta abin kunya na kai har kabarin Dokta Marek, Kasia ta ajiye. Na tsaya gefe ina kallon sunan da na tashi ina ji a bakin Baba, rubuce a dutsen garinsu.

Daga nan Mama ta ja hannuna zuwa wani babban gicciye a tsakiyar maƙabartar, inda fitilu suka taru a ƙasa ba iyaka. Kasia ta ce nan ake kunna wa waɗanda kabarinsu ya yi nisa. Mama ta kunna ɗaya, ta ce ta kakanninta ce da ke gabas. Ta kunna ta biyu.

"Wannan na Funtua ne."

Ban gane ba. Kasia ta sunkuyar da kai ta ce tana da ƙane, Janek. A can aka haife shi, a can zazzaɓi ya ɗauke shi bai kai ga yin rarrafe ba. Ubansa likita, yana tsaye a kansa, bai iya komai ba. A maƙabartar Kirista ta bayan gari aka binne shi.

Mama ta ce ranar ta kulle kanta a ɗaki, don a garinsu haka ake yi, kowa ya yi kukansa shi kaɗai. Sai ta ji motsi a baranda. Matan ma'aikatan asibiti ne da na unguwa, wasu ba ta taɓa ganinsu ba, sun shimfiɗa tabarmi sun zauna. Ba su ce ta fito ba. Washegari suka dawo, da kunu a ƙwarya. Da ta fito, wata tsohuwa ta jawo ta ta kwantar da kanta a cinyarta kamar yarinya.

"Suna cewa haƙuri, haƙuri. Na manta Hausa, ban manta wannan ba. Ba na tuna sunan ko ɗaya a cikinsu."

Ta ce tun da suka baro Najeriya ba wanda ya je wurinsa. Ba ta san ko kabarin na nan ba, ko an yi gini a kai. Ba ta roƙe ni komai ba. Ni ce da muka koma gida na kira Baba na gaya masa. Sai ya ce, "A wane gefe?" Mama ta ce abin da take tunawa kawai, layin yara ne, kusa da wata bishiyar ɗorawa.

Ranar tafiyata ta cika mini jaka da burodi da kwalbar zuma da safar ulu ta yara, ni kuma na bar mata sauran yajin. Kasia ta raka ni har cikin jirgi, ta kama yatsana ta ɗora a kan maɓallin ƙofa, mutanen ɗakin suna dariya. Na biyo hanyar da na zo, na sauka Kuala Lumpur zafi ya rungume ni tun daga ƙofar jirgi. Nana ta yi fushin ƙanƙara, safar ta lallashe ta.

Ban cika mako da dawowa ba, ina tsaye a kicin da yamma, Baba ya kira ta bidiyo. Na ga sama, na ga ciyawa, sannan na ga fuskarsa tana zufa. Na ce ya dakata, na haɗa da Kasia, ta kai wa Mama wayar.

Ya ce ya je wurin limamin cocin, aka haɗa shi da wani dattijo da ke kula da wurin. Maƙabartar na nan, ba a yi gini ba. Ɗorawar ta faɗi tun tuni, amma dattijon ya san kututturenta. Ya juya wayar. Wasu 'yan ƙananan tudun siminti ne a jere, sun tsattsage, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Ƙasar da ke kewaye da su an nome ta tas, an share, ga tarin ciyawa a gefe da fartanyar Baba a kai.

"Sa'adatu, ki gaya mata ban gane wanne ne nasa ba. Ruwa ya cinye sunayen. Sai na share su duka."

Na fassara. Mama ta sa yatsa a jikin wayar tana bin su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshen layin ta dawo.

"Malam Sani," ta ce. Shi ne karo na farko da ta kira sunansa. "Sannu da aiki."

"Yauwa, ranki ya daɗe," in ji Baba. "Yana cikinsu. In ciyawa ta sake fitowa zan dawo."